Ƙuli-ƙuli da ƙodar 'yan dinya: jan hankali ga masu kiwo a Bibemi

A Bibemi, garin da ke gabas da Garwa a kan hanyar iyakar Cadi, abincin dabba ba ya wuyar samu. Ana noman gyaɗa da masara da auduga, kifi na zuwa daga Mayo Kebi da tafkin Lagdo, kamfanin SODECOTON kuma yana tatse mai daga angurya a Garwa, ya sayar da tukarta ga makiyaya. Duk waɗannan cike suke da sinadarin gina jiki, wato furotin. Shi ya sa mai kiwon agwagi ko dinya, da ya ga 'yan tsakinsa sun ƙyanƙyashe, sai ya dinga loda musu garin kifi da ƙuli-ƙuli don su yi saurin girma. Niyyar mai kyau ce, amma ƙodar ɗan dinya tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka.

Tsuntsu ba shi da mafitsara, ba ya fitsari irin na akuya ko mutum. Furotin ɗin da jiki bai yi amfani da shi ba, hanta ce ke mayar da shi wani sinadari da ake kira yurik asid, ƙoda ta tace shi ya fita tare da kashi. Farin nan da ake gani a saman kashin kaza, shi ne. Matsalarsa ba ya narkewa sosai a ruwa. Idan ya yi yawa a jini, ko ƙoda ta gaza, sai ya daskare a cikin jiki. Wanda ya taɓa feɗe ɗan dinyar da ya mutu haka ya san abin: ƙoda ta kumbura ta yi fari-fari, zuciya da hanta sun lulluɓe da farin gari kamar an barbaɗa alli. Kafin mutuwa za a ga ɗan tsakon ya kwanta, ya daina ci, duburarsa ta manne da farin kashi, wani lokaci gaɓoɓin ƙafa su kumbura ya kasa tafiya.

To, furotin nawa ne ya isa? Ma'aunin da majalisar bincike ta Amurka ta fitar a 1994 ya ba ɗan dinya furotin kashi 20 cikin 100 daga ƙyanƙyasa zuwa mako huɗu, bayan nan a rage zuwa kashi 15. Masara tana da kusan kashi 9, tunkuzar gyaɗa kusan 45, garin kifi kuwa ya kan haura 50. Ke nan kilo bakwai na tsakin masara da kilo uku na tunkuza sun kai wajen kashi 20. Wanda ya haɗa rabi da rabi ya kai 27, in ya ƙara garin kifi a kai ya wuce gona da iri. A lura kuma, ƙuli-ƙulin kasuwa da gishiri ake yin sa, gishiri kuwa ƙarin nauyi ne a kan ƙoda. Tukar angurya ma tana ɗauke da gosifol, sinadarin da tumbin saniya ke iya jurewa amma yake cutar da tsuntsaye idan ya yi yawa.

A ganina, laifin bai tsaya kan furotin kaɗai ba, kuma abin da ya fi kashe 'yan tsaki a ƙasarmu haɗuwarsa ce da ƙishirwa. A watannin Maris da Afrilu zafin yankin Binuwai yana haura digiri 40. Kaskon ruwa ya ƙafe da hantsi, matar gida tana kasuwa, yara suna makaranta, 'yan dinya sun cika ciki da busasshen gari. Irin wannan ƙishirwa tana iya sa yurik asid ya toshe hanyoyin ƙoda. Sai kuma abincin kajin ƙwai, wanda wasu ke saye don shi suka tarar a shago: kalsiyam ɗinsa kusan kashi 4 ne saboda ɓawon ƙwai, alhali ɗan dinya bai buƙaci ko kashi 1 cikakke ba. Hatsi ko gyaɗar da ta yi fumfuna a rumbu ita ma tana da gubar da ke lalata hanta da ƙoda.

Magani ma yana iya zama sanadi. Diclofenac, maganin ciwon jiki da aka riƙa yi wa shanu a Indiya, shi ya kashe ungulaye masu ɗumbin yawa da suka ci mushen shanun, ta hanyar lalata musu ƙoda, da irin wannan farin garin a cikinsu, har gwamnati ta hana ba dabbobi shi a 2006. Bai kamata a jiƙa ƙwayar ciwon jiki ta mutane a ba tsuntsu ba.

Akwai kuma cuta mai yaɗuwa. A ƙasar Sin, wadda ta fi kowace ƙasa kiwon dinya, wata ƙwayar cuta da ake kira astrobairos ta ɓulla a gonaki wajen 2017, tana kashe 'yan dinyar da ba su kai mako uku ba da wannan ciwon na ƙoda. Don haka idan 'yan tsaki suna mutuwa a jere duk da an gyara abinci da ruwa, a kai gawar ga ma'aikacin dabbobi. Ɗakin binciken cututtukan dabbobi na ƙasa, LANAVET, yana nan a Bokle kusa da Garwa.

Dinya dai tsuntsuwar kiwo ce, ciyawa take ci, kuma ɗanyen ganye yana ba ta bitamin A da ke kare hanyoyin ƙoda. Ya kai mai kiwo, auna tunkuzar kafin ka zuba, ka saki 'yan tsakin su yi kiwo a inuwar fadama da safe, ka kuma tabbata kaskonsu bai kwana ko ya yini babu ruwa ba.