Mene ne makullin wuƙa mai naɗewa?

Ɗan ƙarfe ne da ke riƙe bakin wuƙa a miƙe bayan an buɗe ta, don kada ta rufe a kan yatsu. A wuƙar Opinel ta Faransa, zobe ne a wuyan mariƙi da ake murɗawa, tun 1955 aka sa shi. Wuƙar Douk-Douk kuwa ba ta da makulli, ƙarfen bayanta kaɗai ke tokare ta.

Mai yanke igiya ko feƙe rake bai cika buƙatarsa ba. Amma manomin da ke huda ƙwarya da tsinin wuƙa, nan ne take naɗowa ta ci yatsa. Shi kam gara ya sayi mai makulli, ya riƙa kakkaɓe yashi daga makullin, don yashi na hana shi kamawa.