Binciken Ƙararrakin Kamfanoni Domin Kundin Ɗalibi: Daga Masana'antun Semikondakta Zuwa Sharaɗa, Challawa Da Bompai

Gabatarwa

Asalin wannan takarda shi ne wani batu da ɗaya daga cikin ɗalibanmu ya kawo mana domin kundinsa na kammala karatu. So yake ya yi nazarin ƙararrakin da aka kai wani kamfanin semikondakta, watau kamfanin da ke ƙera ƙananan ƙwayoyin silikon waɗanda su ne ƙwaƙwalwar kwamfuta da wayar salula. Da fari mun yi niyyar mu hana shi, tun da yake babu masana'anta irin wannan a Kano. Amma da muka zauna muka duba shari'o'in, sai muka ga cewa mafi amfani a cikinsu ga ɗalibin Kano su ne waɗanda suka shafi ruwan sha da lafiyar ma'aikata, kuma tambayoyin da suka taso a can su ne ke jiran mai bincike a Sharaɗa da Challawa da Bompai. Za mu yi ƙoƙarin nuna yadda ake bin sawun irin waɗannan ƙararraki, da wuraren da ɗalibi ke yawan yin tuntuɓe.

Darasi daga ƙetare

A ƙarshen shekarar 1981 aka gano cewa wani tanki da kamfanin Fairchild ya binne a masana'antarsa ta kudancin San Jose, a jihar Kalifoniya ta Amurka, yana yoyon sinadarin wanke ƙwayoyin silikon, har ya kai ga rijiyar da ke ba unguwar ruwan sha. Ɗaruruwan mazauna wurin suka kai ƙara. A 1986 aka yi sulhu, ba a kuma bayyana yawan kuɗin da aka biya ba. Ke nan babu wani hukunci da ya ce ruwan ne ya jawo ɓarin ciki da haihuwar jarirai masu lahani da mutanen suka yi kuka da su, ko kuwa ba shi ba ne.

Na biyu ya faru a Koriya ta Kudu. Wata matashiyar ma'aikaciya a masana'antar semikondakta ta Samsung ta rasu a 2007 sakamakon sankarar jini. Abin lura shi ne, ƙarar da iyalinta suka yi nasara a kanta a 2011 ba kamfanin aka kai ba, hukumar gwamnati mai biyan diyyar ma'aikata aka kai, saboda ta ƙi yarda cewa aiki ne ya jawo cutar. A Nuwamba 2018 kamfanin ya nemi gafara a bainar jama'a, ya amince da tsarin biyan diyya. Ɗalibin da ya tsaya neman sunan kamfanin a matsayin wanda ake ƙara, zai wuce wannan hukunci bai gan shi ba.

Wace kotu ce ke da hurumi?

Bompai ita ce tsohuwar unguwar masana'antu a Kano, tun zamanin Turawa, daga baya aka buɗe Sharaɗa da Challawa. An yi masaƙu da kamfanonin jima da na roba da na man gyaɗa da na alawa. Da yawa daga cikinsu sun durƙushe tun bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, ga kuma matsalar wutar lantarki da kwararowar yadi daga waje. Kamfani mai rai da kamfani matacce kowanne yana barin takardu a kotu, sai dai ba kotu ɗaya ba.

Sashe na 251 na Tsarin Mulkin 1999 ya keɓe wa Babbar Kotun Tarayya al'amuran da suka taso daga dokar kamfanoni, kamar rushe kamfani da rikicin masu hannun jari, da kuma satar tambarin kaya da satar fasaha. Rikicin ma'aikaci da ubangidansa kuwa, kama daga sallama ba bisa ƙa'ida ba har zuwa haƙƙin barin aiki da rauni a wurin aiki, na Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ne. An kafa ta a 1976, amma gyaran Tsarin Mulki na 2010 ne ya ba ta cikakken hurumi, tana kuma da reshe a Kano. Saboda haka ƙarar ma'aikacin masaƙa ta shekarun 1990 mai yiwuwa a Babbar Kotun Jiha za a same ta, alhali irinta ta 2015 tana Kotun Ma'aikata. Rikicin fili da ɓarnar da maƙwabci ya yi wa maƙwabci galibi na Babbar Kotun Jiha ne.

Kafin duk wannan ma, wajibi ne ɗalibi ya samo cikakken sunan kamfanin a Hukumar Rajistar Kamfanoni. Sunan da 'yan unguwa ke kiran kamfani da shi sau da yawa sunan mai shi ne ko sunan kayan da yake yi, magatakardan kotu kuwa da sunan rajista da lambar ƙara yake aiki.

Dagwalo da wahalar kawo hujja

A nan ne muke so mu ɗan daɗe. Kamfanonin jima suna amfani da gishirin kuromiyam wajen jeme fata da kirgi. Dagwalon Bompai yana bi ta rafin Getsi ya faɗa Jakara, na Sharaɗa ya bi ta Salanta ya nufi kogin Challawa, inda kamfanonin Challawa su ma ke zubar da nasu. A gaɓar waɗannan rafuka akwai masu lambu da ke shayar da latas da kabeji da alayyahu. Malaman kimiyya na jami'o'inmu sun sha auna wannan ruwa, sun rubuta abin da suka gani. To, amma awon malamin kimiyya daban, hujjar da alƙali zai karɓa daban.

Mai lambun da ya kai ƙara zai iya dogara da ƙa'idar shari'ar Rylands da Fletcher ta Ingila, ta 1868, wadda ta ɗora alhaki a kan wanda ya tara abu mai haɗari a filinsa ya kuɓuce ya yi ɓarna. Kotun Ƙolin Nijeriya ta yi aiki da ita a shari'ar Umudje da Shell-BP a 1975. Sai dai a can kamfani ɗaya ne da ramin ɗanyen mai guda. A Sharaɗa kuwa magudana ɗaya ce ke ɗauke da dagwalon kamfanoni masu yawa, ta haɗu da ruwan kwatamin gari. Da wane kamfani mai ƙara zai kama? Wa zai biya ƙwararren da zai tsaya gaban alƙali ya danganta cutar da sinadarin? Wannan ita ce wahalar da mutanen San Jose suka ci karo da ita, su da ke da lauyoyi da likitoci.

Ƙofar kotu dai ta ƙara buɗewa. A da, ɓarnar da ta shafi jama'a baki ɗaya sai Antoni Janar ne ke da ikon kai ƙara a kanta, har Kotun Ƙoli ta sassauta wannan a shari'ar Adediran da Interland Transport a 1991. A 2018 kuma ta yarda ƙungiya mai zaman kanta ta kai ƙarar kamfanin mai na ƙasa a kan gurɓata muhalli. Akwai kuma hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, da ƙa'idojinta na 2009 a kan masaƙu da kamfanonin fata. Takardun gargaɗi da na rufe masana'anta da irin wannan hukuma ke bayarwa ba hukuncin kotu ba ne, amma shaida ce, kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗalibi damar neman su a rubuce.

Muna jan kunnen ɗalibanmu a kan littattafan rahoton shari'a, irin Nigerian Weekly Law Reports da marigayi Gani Fawehinmi ya fara bugawa a 1985. Galibin abin da ke cikinsu hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara ne da Kotun Ƙoli. Ƙarar da ta mutu a ƙaramin mataki, ko aka janye, ko mai unguwa da dagaci suka sasanta ta da manajan kamfani, ba za ta shiga ba. Wanda ya duba littafi bai ga Challawa ba, ya rubuta cewa ba a taɓa yin rikici ba, ya yi kuskure. Sai ya je ofishin magatakarda, ya biya kuɗin da aka ƙayyade, a ba shi kwafi mai hatimin kotu.

Zargi, hukunci da sulhu

Misalin da muke koyarwa da shi na gida ne, ko da yake ba a unguwar masana'antu ya faru ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana na Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu, 5 daga waɗanda aka ba Trovan, 6 daga waɗanda aka ba ɗaya maganin. Iyalai sun kai ƙara a Kano da Niyok a 2001, Gwamnatin Jihar Kano ta kai tata a 2007. A Janairu 2009 wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta ce ana iya sauraron ƙarar iyalan, wanda ba daidai yake da cewa sun yi nasara ba. A wannan shekara aka yi sulhu da jihar a kan dala miliyan 75, kamfanin kuwa bai amsa laifi ba, yana nan a kan cewa cutar ce ta kashe yaran. A 2011 aka fara biyan iyalai, bayan gwajin ƙwayoyin halitta.

Ɗalibi yakan dunƙule duk wannan ya rubuta cewa kotu ta kama kamfanin da laifi ta ci shi tara. Babu kotun da ta yi haka. Ya kamata jimlarsa ta nuna wanda ya faɗi magana da matsayinta: masu ƙara sun yi zargi, kamfani ya musa, kotu ta yanke a kan hurumi, ɓangarori sun yi sulhu. Kundi yana zama a laburaren kwaleji shekara da shekaru, na baya suna kwafa daga gare shi, kuma jingina wa kamfani ko mutum laifin da ba a tabbatar ba ɓata suna ne a idon doka, malamin da ya sa hannu ma ba zai rasa nasa kason ba.

Ɗalibin da muka ambata a farko mun bar masa babi guda a kan San Jose da Koriya ta Kudu. Sauran kundin muka ce ya taƙaita shi ga hukunce-hukuncen reshen Kotun Ma'aikata na Kano da suka shafi masana'antu, tun da kotun tana sanya hukunce-hukuncenta a intanet, ya kuma haɗa da hira da tsofaffin ma'aikatan Sharaɗa, bisa sharaɗin ya sakaya sunayensu.