Masu Gina Shafukan Intanet a Titin Gidan Zoo

A saman wani bene da ke titin Gidan Zoo a Kano akwai ƙaramin kamfani mai gina shafukan intanet. Kwanan nan sunansa ya fito cikin waɗanda suka kai zagayen ƙarshe a wata gasar fasahar zamani ta jihohin Arewa. Ba a fitar da gwani ba tukuna, kuma aikin ofis bai tsaya ba.

Da safe, kafin kowa ya kunna kwamfuta, batirin sola ake fara dubawa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 janareta ya koma na ko-ta-kwana. A kan teburin tsakiya akwai wata tsohuwar wayar Itel mai tsagaggen gilashi, kuma duk shafin da aka gina sai an gwada shi a kanta. In ya yi nauyin buɗewa, sai a koma a rage girman hotuna, domin mai sayen atamfa daga Gaya ko Maraɗi da irin wannan wayar zai shiga, da datar da ya saya da kuɗin guminsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka damu da haruffa masu lanƙwasa. Yawancin salon rubutun kwamfuta ba su da ƙ, ɗ da ɓ. Sai ka ga sunan shago ya fito da ɗan akwati a tsakiya, ko a rubuta kasa inda ake nufin ƙasa. Wata matashiya a nan takan bi shafi layi-layi, ta zaɓo salo irin Noto na Google mai ɗauke da su duka. Babu mai biyan ta ƙari kan wannan, amma mai karatu yana gani.

Wahalar gaske tana wajen shawo kan 'yan kasuwa. Alhajin da ke Kantin Kwari zai ce WhatsApp ya ishe shi, kuma yana da hujja, can masu sayensa suke. Shi ya sa suke sa masa maɓallin da zai kai mai saye WhatsApp kai tsaye, su haɗa masa Paystack don karɓar kuɗi, su yi masa rajistar adireshi mai .ng, wanda ƙungiyar NiRA ke kula da shi.

Ina fatan alƙalan gasar za su buɗe shafukan a ƙaramar waya, a inda sabis ba shi da ƙarfi, kafin su ba da maki.