Abin da Ya Ka da Rum, da Abin da Ya Ka da Kano

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka al'amarin daula yake.

Mun karanta yadda Rumawa suka mallaki ƙasashe tun daga Ingila har Masar. Da daular ta tsufa sai sarakuna suka yi ta yaƙar juna, haraji ya yi wa talakawa nauyi, aka koma ɗaukar kabilun Jamusawa aikin soja. Cikin shekara ta 410 Alarik ya washe birnin Rum, a 476 kuma aka tuɓe sarkinsu na ƙarshe na yamma.

To, ba sai mun tafi nesa ba. Ganuwar nan da muke wucewa in za mu shiga birni daga Gyaɗi-Gyaɗi ta ga irin wannan. Wajen 1671 Kwararrafa suka shigo ta Ƙofar Gadon Ƙaya, Sarki Dadi ya gudu Daura. Maimakon a lallashi talakawa, sai Sarki Kumbari, wanda ya hau a 1731, ya aza wa kasuwar Kurmi haraji har ta kusa mutuwa, ya karɓi jiziya wurin malamai. Larabawa suka ƙaura Katsina, talakawa suka watse ƙauye. Zamanin Alwali aka yi yunwa. Da masu jihadi suka taso, aka ci shi a Ɗanyaya, aka kashe shi a Burumburum cikin 1807.

In mun koya wa yara tarihi, kada mu tsaya ga sunan wanda ya kawo hari. Mu tambaye su wa ya tsaga bangon.