Faɗa-wutar duwatsun Alp: kaka ɗaya, gida biyu

Mun san faɗa-wuta, mun kuma san ɓarnar tsutsarta. A duwatsun Alp na Turai, wajen kwarin Engadin cikin ƙasar Suwis, akwai wata wadda masana suka daɗe suna bin asalinta. Kakanta ɗaya ne, amma ta rabu gida biyu. Ta farko tana zuba ƙwai bisa iccen da ake kira melez, tsutsarta baƙa-baƙa ce. Ta biyu sai bisa iccen pin, tsutsarta mai haske. Ƙamshin da mace take saki don kiran namiji ma ya bambanta, shi ya sa mai ɗana tarkon ƙamshi sai ya san wadda yake nema.

Amma rabuwar ba ta cika ba. Inda itatuwan suke a cuɗe, namijin wannan gida yakan haɗu da macen wancan, su hayayyafa. Wannan auratayya ba ta kai 5 cikin 100 ba, duk da haka ta isa gadon jini ya riƙa ratsawa tsakaninsu.

Ta melez ce mai ɓarna. Zoben cikin itatuwa ya nuna wajen shekara 1200 tana cinye ganyen daji kowace shekara 8 ko 9, ya koma kamar wuta ta lashe shi. Bayan 1981 babban farmakin ya lafa, sai a 2018 ya dawo.