Kafin Buroshi Ya Taɓa Bango

Malaman fiƙihu sun karantar da mu cewa kowace ibada tana da sharuɗɗan da ke gabatar ta, waɗanda in sun ɓaci ita ma ta ɓaci, ko da mutum ya kyautata ruku'u da sujada. To, ni a ganina haka sha'anin fentin ɗaki yake, domin wanda ya shafa launi a kan bango mai ƙura da danshi, misalinsa kamar wanda ya kabbara salla ne ba tare da ɗahara ba. Abin da ya sa na kawo wannan magana shi ne, a zangunanmu na Salaga da Yendi da Bawku, da zarar Salla ta ƙarato ko an sa ranar ɗaurin aure, sai ka ga maigida ya sayo bokitin fenti da hantsi, kafin la'asar ya ce an gama, alhali damina ɗaya ba za ta wuce ba sai bangon ya kama ɓarewa kamar bayan maciji, sa'an nan ya ɗora laifi a kan mai shago.

Wanda ke son ya ga hujja ya tafi Navrongo, a arewa maso gabashin Gana, inda limaman Katolika suka sauka a 1906, aka kuma gina babbar majami'ar laka a 1920, wadda matan yankin suka ƙawata cikinta da zane a shekarun 1970. Matan Kasena da Nankani, musamman na Sirigu, ba su fara aikin bango sai damina ta ɗauke, an kai amfanin gona gida. Sa'an nan su kwaɓa ƙasa da kashin shanu su yi yaɓe, su bi da jar ƙasa da aka tankaɗe, su zauna ƙungiya guda suna goge bangon da ƙananan duwatsu masu santsi har ya yi sumul, kana su zana baƙi da fari da ja, a ƙarshe su yayyafa ruwan ɓawon ɗorawa da aka dafa, wanda Bahaushe ya sani tun kaka da kakanni da sunan makuba, shi ne kuwa iyayenmu mata ke zubawa a daɓe. In ka lissafa wahalarsu, za ka tarar mafi yawanta ta tafi ne a kan abin da ido ba zai gani ba bayan an gama, kuma wannan, wallahi, ita ce hikimar da muka yar sa'ad da siminti ya shigo mana.

Ɗakin siminti ma hukuncinsa ɗaya ne. Sabon shafe yana bukatar kimanin kwana 28 kafin ya bushe sosai, wanda ya gaggauta kuwa ya kulle ruwa ne a cikin bango. In tsohon ɗaki ne, bayan an fitar da kaya, an tattara abin da ya gagari ɗauka a tsakiya an rufe shi da leda, sai ka shafa tafin hannunka a bangon: in ya fito da fari, tsohuwar farar ƙasa ce, wajibi ne a kankare ta, a wanke, domin fenti ba ya kama gari. A cike tsaga, a bi hanyar gara har gidanta, a goge da samfefa. Amma babbar illa ita ce farin gishirin nan da ke tsatsafowa a gindin bango, alamar danshi ne da ke hawowa daga ƙasa ko ruwan indararo da ke kwanciya a bayan ɗaki, kuma muddin ba a gyara masa hanya ba, ko sau goma aka shafa sai ya kumbura.

Lokacin hunturu bango na saurin bushewa, sai dai ƙura ta yi yawa, saboda haka a yayyafa ruwa a ƙasa, a share, a rufe tagar da ke fuskantar iska, a yi shafin farko a bar shi ya kwana.

Ya kai mai karatu, in kana da biki a gaba, ka kira magini ya duba bangonka wata guda kafin ka je kasuwa sayen fenti.