Abin da ya sa damina ke yanke ƙauyukan kudancin Kano

Matafiyin da ya bar titin Kano zuwa Zariya a Kwanar Ɗangora ya nufi Tudun Wada ba ya jimawa zai ga ƙasa ta sauya. Shimfiɗaɗɗun gonakin Bebeji da Kiru suna ja da baya, itatuwa na ƙara kauri, har a shiga Dajin Falgore, a ɓulla ga duwatsun Riruwai, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza.

Wannan yanki ya fi sauran sassan jihar samun ruwan sama. Kogin Kano yana ratsa Falgore kafin ya zuba a Madatsar Ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ruwan nan da ciyawar da yake fitarwa su ne ke janyo makiyaya da garkunansu idan rani ya tsananta a arewa.

Sai dai ruwan da ke raya dabba shi ne ke cinye hanya. Kwalta guda ce ta ratsa dajin zuwa Saminaka da Jos. Akasarin hanyoyin da suka rabu da ita na jar ƙasa ne. A gangaren dutse ruwa kan sauko da ƙarfi, ya yi zaizaya, ya tafi da kwalbati. A fadama kuwa taɓo ne ke riƙe mota. Da Agusta ta yi, rafin da yaro ke tsallakewa da rani sai ya raba ƙauye da kasuwa da asibiti. Babur ne kaɗai ke shiga, kuɗin ɗaukar buhun masara ya tashi, nonon da aka tatsa da safe kuma ba ya jiran ruwa ya janye. Mai naƙuda ma haka.

Rashin hanya ya taimaka wa ɓarayin shanu da suka addabi Falgore a wajajen 2015, kafin sojoji su mayar da wani sashen dajin filin atisaye a 2017. A 2020 gwamnatin Abdullahi Ganduje ta ƙaddamar da matsugunin makiyaya a Dajin Ɗansoshiya da ke Kiru, domin rage yawon kiwo. Tunanin bai da laifi, amma makiyayin da aka zaunar wuri guda ya fi mai yawo buƙatar hanya, domin ta nan dusa da maganin dabbobi za su iso masa, ta nan kuma madararsa za ta fita.